Na biya kuɗi an karanta mani dutse kafin na sake haƙa bohol a gindin tsaunin Aburi

Salamu alaikum jama'ar zango. Tun bayan ƙaramar salla mutane ke tsare ni a gareji da ƙofar masallaci ana tambayata wai wane yaro ne ya nemo mani ruwa a filina na Ayi Mensah, nawa ya karɓa, kuma da gaske ne wai sai da ya je ya shafa dutse kamar mai duba kafin ya nuna wuri. Bakina ya gaji da maimaitawa shi yasa nace bari in zauna in rubuta sau ɗaya, mai buƙata ya karanta. Sunansa kam ba zan saka ba don bai ce in yi masa talla ba, kuma akwai inda zan ɗan ja masa kunne, bana so ya zama na tozarta ɗan mutane.

Ni dai fita ne, wato makanikin mota, a Mamobi cikin Akra ta Ghana, shekara ta kusan talatin kenan ina kwance inji ina ɗaurawa. Filin nan da gumina na saye shi, can in ka wuce Adenta da Oyarifa dab da inda ake fara hawan tsauni zuwa Aburi. Famfo bai iso layinmu ba tukuna, tanka ke kawo ruwa a juye a folitanki, kuma duk wanda ya taɓa gini ya san yadda bulo da filasta ke shan ruwa kamar raƙumi. Ga Hajiya ta kafe tace ita ba za ta bar Mamobi ta koma daji tana jan galan ɗin Kufuor, jarkokin ɗibar ruwan nan, da tsufanta ba, in babu ruwa a gida to in tare ni kaɗai.

Na farko da na kira wani mai injin haƙa ne da maƙwabci ya haɗa mu, shi ma a bar sunansa. Ya zo da wasu wayoyin ƙarfe biyu masu lanƙwasa ya riƙe yana zagaya fili yana taku ɗai-ɗai, can sai wayoyin suka haɗe, ya buga ƙafa yace Alhaji nan ne, kogi ne kwance a ƙasan nan. Ni kuma da son araha da son sauri ko lasisi ban tambaye shi ba, alhali doka tace mai haƙa bohol a Ghana sai ya samu lasisi daga hukumar kula da albarkatun ruwa, wannan ma daga baya na sani. Kwana biyu kwamfuresa na kuka, farar ƙura kamar garin kokonte na tashi har kan kwanon maƙwabta, aka kai mita 90 ko danshi babu. Kuma cinikin da mita muka yi, a samu ruwa ko kar a samu sai ka biya. Wallahi ranar da suka naɗe kayansu suka tafi na zauna kan bulo har magariba na kasa tashi. Ana cewa kuɗi sun bi ruwa, to nawa ko ruwan ma basu samu sun bi ba.

Ɗan yayata da ke karatu a jami'ar Legon shi ya haɗa ni da wannan yaron. Yaron ɗan Sabon Zango ne, Hausarsa tas, ilimin duwatsu ya karanta kuma yana kan digiri na gaba akan tsagogin tsaunin Akwapim, neman wurin bohol kuma shi ne ɗan abin da yake yi ya samu na trotro, motar hayarmu, da na littafi. Ranar farko mun yi ƙarfe bakwai da shi ya iso tara saura, da jakar goyo da guduma da wani kamfas mai murfi da madubi. Ya leƙa ramin da ya ci kuɗina, ya damƙi ƙurar da ta rage ya murza a yatsu, ya zagaya fili ko minti goma bai yi ba sai yace Kawu filinka ƙasa ta lulluɓe shi babu abin gani, mu je inda dutse ya tuɓe riga. Raina ya ɓaci gaskiya, nace a zuci wancan ma ya fi, shi aƙalla a cikin filina ya yi tasa ƙaryar. Wanda maciji ya sara ai ko tsumma ya gani sai ya ja da baya. Amma na tada mota muka hau titin da ya tashi daga tsohon tol na Ayi Mensah ya nufi Peduase, wanda masu motsa jiki ke cikawa ranar Asabar da safe, inda aka yanki tsauni aka fitar da hanya kuma da damina duwatsu kan gangaro kan kwalta.

Nan ne abin ya fara canza mani. Ya tsaya wani wuri inda fuskar dutsen tayi sumul tana ɗan sheƙi kamar an bi ta da sanfefa, yace Kawu kawo hannunka. Ya ɗora tafina yace shafa sama, na shafa, santsi. Yace to dawo ƙasa, sai naji yatsuna na sarƙewa da wasu ƙananan matakala kamar in ka shafa kifi daga wutsiya zuwa kai. Na sa tabarau na duba da kyau sai ga layuka sirara sirara duk sun miƙe waje guda babu wanda ya ratse. Ban jira bayani ba nace ai wannan karce ne, abu biyu ne suka gogi juna da ƙarfi. Duk fitan da ya taɓa buɗe injin da baƙin mai ya ƙare masa ya san wannan zanen a jikin silinda, ko a diskin birki in fad ya cinye ƙarfe ya hau ƙarfe, kana gani ka san ta ina abu ya bi. Yaro ya fashe da dariya yace Kawu ka gama shekarar farko a jami'a kyauta. Yace wani ɓangaren dutse ne da yake kwance akan wannan ya zame, shi ya tafi ya bar sawunsa, kuma yawanci inda hannu ke jin santsi can ya nufa, wato wannan sama aka tura shi. Amma ya ƙara da cewa yatsa kan yi ƙarya, akwai irin matakalar da ke nuna akasin haka, don haka baya rubutawa sai ya ga wata shaida, ko zaren farin dutse da ya tsiro yana bin zamewar ko wani layi da aka datse rabi ya yi sama rabi ya yi ƙasa. Wannan maganar ta yatsa kan yi ƙarya ita ta fara sa na natsu da shi, don mai wayoyi bai taɓa ce mani wayarsa na kuskure ba.

Abin da yake nema a taƙaice shi ne ta ina aka matse dutsen nan lokacin da ya tsage. Yace ko ina a cikin ɓawon ƙasa a matse yake ta kowane gefe amma matsin ba ɗaya ba ne, akwai babba akwai matsakaici akwai ƙarami, kuma ukun nan suna tsaye kan juna kamar kusurwar ɗaki inda bango biyu suka haɗu da daɓe. Matsin da ya fasa dutsen ya daɗe da wucewa, ba za ka sa mita ka auna shi ba, tabon kawai ya rage. Nace wannan ai aikinmu ne, a jawo mani motar da tayi haɗari ban je wurin ba amma in na ga yadda shasi ya lanƙwashe zan gaya maka ta gaba aka doke ta ko ta gefe, har in direba yana ƙarya ina ganewa. Yace to haka ne sak, bambancin kawai shi direbansa ya mutu shekara miliyoyi.

Ya bani labarin wani Bature ɗan Sikotland mai suna Anderson da tun 1905 ya lura cewa kusa da doron ƙasa dole ɗaya cikin matsin nan uku ya zama a tsaye yake daga sama zuwa ƙasa, kuma wanda ya tsaya ɗin shi ke yanke irin tsagar da za a samu. In babban ne a tsaye, ƙasa na buɗewa gefe da gefe wani ɓangare ya sulale ƙasa akan tsaga mai tsayuwa wajen digiri 60, irin abin da ke faruwa a babban kwarin gabashin Afirka ta Habasha da Kenya. In ƙaramin ne a tsaye to an matso ta gefe kenan, dutse ya hau kan dutse a kwance kwance wajen digiri 30. In kuma matsakaicin ne a tsaye sai ɓangarorin su goga kafaɗa su wuce juna kamar trotro biyu a lungun Nima. Sannan yace sau da yawa tsagar bibbiyu take zuwa ta gicciye juna, kusurwar da ta fi tsukewa wajen digiri 60, kuma babban matsi ta tsakiyar wannan tsukakkiyar kusurwar ya shigo.

Wannan ta ƙarshen ban yarda ba sai da na gwada. Washegari a gareji na sa yara suka samo guntayen kankare muka sa a fires ɗin da muke cire boris da shi. Na farko ya ruguje kawai, na biyu ya tsage a miƙe daga sama har ƙasa, na uku ne ya bada tsaga a karkace har da ɗan alamar ta biyu tana gicciye ta. Na ɗauki hoto na tura masa a WhatsApp ina cewa biyu sun ƙaryata ka, sai ya turo murya yana cewa Kawu na biyun nan ma nawa ne, kuma shi ne ya fi shafar ruwanka. Wai irin ɓare gyaɗa ne, ka danna ta bisa ɗinkinta sai ta wangale baki ta gefe. Tsagar da ta miƙe tare da babban matsi buɗewa take yi ta wajen da matsi ya fi rauni, wadda kuma matsin ya faɗo mata a ka rufewa take kamar bakin marowaci. Kuma a dutse mai tauri irin na wajenmu ruwa ba kogi ba ne kwance a ƙasa, a cikin tsaga yake zama da kuma ruɓaɓɓen dutsen da ke sama. Ka kauce wa tsaga da 'yan taku sai ka haƙa mita 90 kana shan ƙura, kamar wani da na sani.

Kwana uku ya yi yana awo, a titin nan da wani tsohon ramin fasa dutse da gindin wani rafi da ke bayan unguwarmu. Kowace tsaga sai ya manna kamfas ya rubuta inda ta dosa da yadda ta karkata da inda karcen ya nufa, kuma kafin ya auna sai ya ajiye guduma da waya nesa har ni ya ce in matsa da makullan da ke aljihuna don ƙarfe na ruɗa allurar. Ya tara awo sittin da wani abu. Daren na uku ya zo gida da laftof bayan isha'i, Hajiya ta kawo tuwo da miyar ayoyo, ya buɗe wata manhaja mai suna Win-Tensor wadda wani masani Damien Delvaux na gidan tarihin Afirka da ke Tervuren a Beljiyam ya haɗa kuma kyauta ake sauke ta. Yace tushen lissafin wata magana ce da Wallace ya kawo a 1951 Bott ya ƙarfafa a 1959, cewa in tsaga ta riga ta wanzu to dutse zai zame ne ta inda turin ya fi ƙarfi a kan fuskarta, don haka in ka tara fuskoki da yawa masu kallon wurare daban daban da karcensu za ka iya komawa baya ka nemo matsi ɗaya da ya dace da su duka. Faransawa irinsu Jacques Angelier su suka mayar da abin lissafin kwamfuta daga shekarun 1970. Abu huɗu ake nema, inda matsin nan uku suka fuskanta da kuma yadda na tsakiya ya kusanci babba ko ƙarami, shi yasa ko a ƙa'ida sai da tsaga huɗu mabambanta, amma yace wanda ya tsaya a huɗu wasa yake. Na tambaye shi to tan nawa ne nauyin matsin, yace wannan hanyar bata faɗa, alkibla take bayarwa ba kilo ba. Ya danna, wata da'ira ta fito da ɗigo ɗigo da manyan kibau biyu suna nuno juna.

Labarin da ya ciro daga ciki ya fi na ruwan daɗi in gaya muku gaskiya. Yace dutsen tsaunin nan, wanda suke kira jerin Togo, asalinsa yashi ne da laka da zafi da matsi suka dafa suka zama kwazait da wani mai ɓarewa falle falle. Wajen shekara miliyan 600 da suka wuce tsohon dandamalin dutsen da ke ƙarƙashin Afirka ta Yamma, wanda zinariyar Obuasi da Tarkwa ke cikinsa, ya yi karo da wani ɓangaren ƙasa da ke gabas ta wajen Benin da Najeriya, aka turo duwatsun gabas suka hau kan na yamma, baƙin dutsen da ake fasawa a Shai Hills ma cikin waɗanda aka turo yake. Nace ashe hawan ƙawarar da 'yan Najeriya ke mana ba a jolof ta fara ba. Mafi yawan karcen da ya auna wannan karon suke nunawa, turi daga kudu maso gabas zuwa arewa maso yamma, kuma waɗannan tsagogin farin dutse ya cike su ya liƙe kamar an bi da walda. Sai kuma wasu tsagogi na biyu masu tsayuwa da suka yanko na farkon a gicciye, su a buɗe suke kuma bakinsu ja ne da tsatsa, alamar ruwa na bi. Yadda ya san wanne ya riga wanne kuwa ba wani sihiri, wanda ya yanke ɗan'uwansa shi ne ƙane, kuma akwai fuska ɗaya da ya nuna mani karce biyu wani kan wani kamar motar da aka yi wa fenti sau biyu. Yana zaton na biyun suna da nasaba da lokacin da Afirka ta rabu da Kudancin Amurka teku ya buɗe, sama da shekara miliyan 100, don gaɓar nan tamu da arewa maso gabashin Brazil a manne suke da. Amma yace zato ne ba zai rantse ba, karce baya zuwa da kwanan wata.

Yayana da ke zaune yana jin miliyan 600 ya ajiye cokali yace yaro wa ya ƙirga maka. Yaro yace Baba akwai ma'adinai a cikin dutse da ke canzawa a hankali da ƙa'ida, da su ake aunawa, sauran sani kuma na Allah ne. Yaya yace to madalla da ka san da haka, aka ci gaba da tuwo.

To yanzu inda zan ja kunne. Bayan duk wannan na dube shi nace ɗana tsakaninka da Allah, cikin aikin kwana ukun nan nawa ne na bohol ɗina nawa ne na digirinka. Ya sosa ƙeya yace Kawu rabi da rabi. Yace don neman ruwa kawai, sanin inda tsagogi suka dosa da waɗanda ke buɗe ya wadatar kuma yini ɗaya zai isa, kibau da da'irar nan sun taimaka masa ya ware tsofaffi liƙaƙƙu daga sababbi amma ba su ke nuna inda za a kafa inji ba. Har ya ƙara da cewa matsin wancan zamanin ba shi ne matsin yau ba, tsagar da ta buɗe jiya tana iya rufewa yau in turin ya juya. Naji daɗin gaskiyar amma da tun farko ya faɗa, don man mota na na ƙona, waakye na na saya kwana uku, gareji na bar wa yara. Kuɗinsa kam dunƙule muka yi bai ƙara ko sidi ba, kuma bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da busasshen rami ya ci ba, don haka ba zan ce ya cuce ni ba, lokacina ne ya ci bai nemi izini ba.

Abu na biyu, ina kallo yana ware wasu awo gefe, wajen tara ko goma da suka ƙi shiga ko wane rukuni. Nace tsaya, mu a wajenmu in yaro ya ɗaure inji ya ga ragowar notuna a faranti ba ya cewa kamfani ne ya sa da yawa, sake kwancewa yake. Yace haka ne, kuma nan ne raunin wannan ilimin, masana biyu kan iya ɗaukar awo ɗaya kowa ya raba shi daban, ɗaya ya ce matsi biyu ne ɗaya ya ce uku. Nasa ragowar ko wani karo ne na uku, ko dutsen ya juya daga inda yake bayan ya tsage, ko shi ne ya yi kuskuren awo. Abin da na yaba bai zubar da su ba, ya jera su a bayan rahoto ya rubuta cewa basu dace ba.

Sai aka zo awon lantarki, wanda shi ne ya nuna wurin a ƙarshe. Ba shi da na'urar haya yake yi, sai da muka jira kwana goma sha ɗaya kafin ta samu. Ana kafa sandunan ƙarfe a ƙasa a jere a tura wuta a ga inda ƙasa ke barinta ta wuce da sauƙi, jiƙaƙƙen wuri ya fi busasshen dutse sakin wuta. Amfanin shafe shafen dutsen nan a nan na gan shi, don bai ja wayarsa barkatai ba, ya shimfiɗa ta ne ta gicciye layin tsagogin nan masu tsatsa yadda dole in akwai ɗaya a ƙarƙashin fili a tsallaka ta. Layi na biyu ya kama wani wuri a kusurwar baya, taku ashirin da 'yan kai daga ramin farko. Matsalar daidai nan meson ya zana sokawe, wato ramin masai, yaro yace ko bohol ko masai, a bar aƙalla mita 30 tsakani, dole aka juya filan ɗin bayan gida gaba ɗaya, meson yana ta ƙunƙuni. Na ce masa to ka bani tabbaci, yace Kawu tabbaci na Allah ne, ni dai in kuɗina ne nan zan haƙa. Na so ya fi haka ƙarfafa mani gwiwa a ranar, har na ji haushi.

Ranar haƙa bai bar bakin inji ba tun safe, wannan karon kuma mai lasisi na ɗauko. Duk sanda aka ƙara ƙarfe sai ya tari garin da ke fitowa ya tsuguna ya jera shi tsibi tsibi a ƙasa kamar mai tallan yaji, ya rubuta zurfin a kwali ya soka. Fari, fari, toka toka, har wajen mita 40 cikina ya fara ɗurar ruwa, sai ga tsakuwa ja mai tsatsa ta fara fitowa manya manya, ya ɗago ɗaya ya nuna mani bai ce komai ba. A 47 ƙura ta zama taɓo, a 58 ruwa ya feso ya jiƙa mu duka, mai gadin filin maƙwabci yana ta kabbara. Kar in yi muku ƙari, ba irin ruwan da za ka buɗe kamfanin fiya wata ba ne. Ya sa aka yi gwajin ja na sa'o'i aka ga yana cika folitanki biyu a yini ba tare da ya ƙafe ba, gida da gini ya ishe su. Ya kuma matsa sai an kai ruwan ɗakin gwaji, aka ce yana da ɗan tsami da ƙarfe ƙarfe, in ya kwana a bokiti yana yin ja, dole na sayi na'urar tace ruwa. Wannan kuɗi ne da ban shirya ba amma da ma ya gargaɗe ni cewa ruwan wannan dutsen ya kan yi haka.

Hajiya ita damuwarta daban ce. Tunda taji ana ta maganar tsaga tace wato kan tsaga za ka kai mu mu kwana. Bata manta daren 24 ga Yuni 2020 ba da ƙasa ta motsa muka fito waje da zani a hannu, ga kuma na Disamba 2022 da rana tsaka. Yaro ya zauna ya yi mata bayani a natse, yace Hajiya gaskiya ne Akra, Ankara inji tsofaffi, tana kusa da manyan tsagogi biyu, na Akwapim da ya biyo tsaunin nan da wani da ke bin gaɓa ta cikin teku, kuma motsin ya fi yawa ta Weija da Gbawe da McCarthy Hill. Girgizar 22 ga Yuni 1939 ta kai wajen maki 6.5 ta kashe mutum 17 ta raunata sama da ɗari, kafin ita ma ta 1862 ta lalata ganuwar Turawa ta Osu. Amma yace karcen da ya auna tsohon tabo ne, ba ya faɗin yaushe ƙasa zata sake motsi, duk wanda ya ce maki ya san rana maƙaryaci ne, masu sa ido da na'ura su ne hukumar binciken ƙasa ta Ghana da ke aiki tun 1913. Ni kuma ya ce mani maganar fandesho ba fanninsa ba ce, in nemi masu gwajin ƙasa da injiniyan gini, akwai kundin ƙa'idar gini na ƙasa da ya fito a 2018, kuma kar in bar meson ya rage rodi a fila don a samu sauƙi. Wani ne da nan zai tsorata tsohuwa ya ƙirƙiro sabon aiki ya caje mu.

Sauran aibunsa ƙanana ne amma suna da ciwo. Baya cika alkawarin lokaci ko sau ɗaya, waya in yana cikin dutse sai ka kira sau bakwai. Rasit babu, MoMo kawai, wato tura kuɗi ta waya, ni na matsa ya rubuta mani a takarda ya sa hannu. Rahoton da yace mako ɗaya sai da ya yi uku, da ya zo kuma shafi kusan talatin ne da Turancin jami'a da wasu haruffa kamar ƙugiya, ni abin da na gane a ciki taswirar fili ce da jan ɗigo. Mutumin da ya iya yi mani bayani da gyaɗa da kifi a bakin titi ban ga dalilin da zai sa in ya zauna rubutu ya manta da ni ba. In taurari ake bayarwa huɗu zan bashi cikin biyar, ɗayan na riƙe saboda lokaci da rahoton nan.

Wanda filinsa ke kan tudu ko dutse mai tauri, ta Aburi ko Kwabenya ko Pokuase ko McCarthy Hill, kuma akwai inda dutse ya fito fili kusa, irin wannan aikin zai amfane shi, sai dai ka ce masa tun farko awon yini ɗaya kake so ko kana da sha'awar tarihin duniya. 'Yan uwanmu na Kumasi ma yace haka ake yi a can, har masu neman zinariya ma da wannan karatun suke bin jijiyar farin dutse a Obuasi. Amma in filinka na shimfiɗar Ashaiman ko Tema ne inda matsalar gishiri ce, shi da bakinsa yace kamfas ɗinsa baya mayar da ruwan gishiri na daɗi, kar ka ɓata kuɗinka akan karce.

Ya yi mani alkawarin shafi ɗaya da Hausa wanda zan iya karanta wa Yaya, yau wata biyu kenan ina jira, in ya ga wannan to ya san da shi nake. Guntun dutsen mai karce da ya ɓalle mani a titin Peduase yana nan kan bencin gareji kusa da bais, jiya wani sabon yaro da aka kawo koyon aiki ya ɗauka ya shafa sama ya shafa ƙasa ya juya shi yace Masta wannan daga wace mota aka ciro.